Idon Tela a Kan Hoton Ƙwaƙwalwa

Bari in rage wa masu gulma aiki: wawan wannan labari ni ne. Ba sai an bi ni da nunin baki a bayan masallaci ba. Ni ne dai, da furfurata da tabarau mai ƙafa ɗaya da zare.

Tela ne ni a Rano. Shekara arba'in da 'yan kai ina taka keke a rumfa ɗaya, har katakon matakin ya ɗauki siffar ƙafata. Boko kuwa na yi ta har aji biyar, inda mahaifina ya ga ilimin ya isa haka, kada ya yi mini yawa ya zube. To aji biyar a unguwarmu, a wancan zamani, ba abin wasa ba ne. Ni ke karanta wasiƙa. Ni ake kawo wa kwalin magani in juya shi, in yi gyaran murya, in ce biyu da safe biyu da yamma. Tun ana ce mini Malam Tela har wani mara kunya ya laƙa mini Dakta, sunan ya bi ni. Na san da tsiya a ciki, amma ina amsawa, har da gyara zaman tabarau.

Ba riguna kaɗai nake yi ba. Idan aka yi rasuwa a unguwa, gidana ake kawo farin yadi, don na likkafani ba na karɓar ko sisi. A tsakar gida nake yanka shi. Mai ɗakina ce ke riƙe mini bakin yadin, in ninka shi biyu, in haɗa gefe da gefe, sannan in sa almakashi. Ba ma magana a lokacin. Wannan ne kaɗai aikin da muke yi tare ba tare da musu ba.

Don kuwa ita ma 'yar allura ce. Hula take ɗinkawa, ƙube, irin wanda ake ƙirga zare. Ba ta zana komai, a kanta zanen yake. Tun muna da ƙuruciya muke jayayya a kan wanda ya fi wani ido. In na gama riga sai ta ɗaga ta ta karkata kai ta ce, "Malam, aljihun hagu ya ɗan yi fushi da na dama." In auna, in tarar da gaskiyarta, in ce hasken ɗakin ne. Dakta kuwa ba ta kirana da shi sai ranar da na yi wata kwaɓa.

Ƙarshen daminar bara waccan ta tafi Nariya, can ƙasar Kibiya, zaman jegon 'yar ƙanwarta. Ƙanwar nan tata abokiyar wasana ce tun tana 'yar mitsitsiya, ranar da aka kawo mini amarya ita ce ta riƙo fitila. Yanzu ta zama dattijuwa, mijinta ya rasu, man gyaɗa take yi, amma bakin nan yana nan kamar aska. Gidansu a bakin fadama yake, shinkafa ta kewaye shi ta ko'ina. Sauron wajen in magariba ta yi sai ka ce gayya aka yi musu. Mako biyu ta yi ta dawo, duk damtsenta tabo.

Kwana huɗu da dawowarta zazzaɓi ya rufe ta. Na taɓa goshinta da bayan hannu, na ce maleriya ce, ba sai an wahalar da kowa ba. Na je kemis na sayo magani, na karanta kwalin da ƙarfi don ta ji. Ta sha. Zazzaɓin ko gezau. Ta ce kanta kamar ana sara shi da gatari, kuma ba ta son haske. A rana ta uku na shigo da azahar na same ta zaune da hular da take ɗinki a cinya, allura a hannu, ta ƙura mata ido kamar ba ta taɓa ganin irinta ba. Na yi sallama. Ta ɗago ta ce, "Baba, an kai awaki?" Mahaifinta ya fi shekara talatin a ƙasa.

Washegari da hantsi ta faɗi tana jijjiga, idanu sun juye. Maƙwabta suka taru, wasu na tofi, wasu na cewa a turara. Na kore su, don ni ɗan boko ne, muka sa ta a mota zuwa asibitin garinmu. Aka ɗebi jini aka ce ba maleriya ba ce. Suka tsayar da jijjigar, suka rubuta mana takarda zuwa Kano. Kafin mu tashi ƙanwar ta iso daga Nariya da ƙunshin kayanta, ba ta ko tsaya tsokanata ba, abin da ya ƙara tsorata ni.

A Kano aka kwantar da ita ɗakin mata. Ƙanwar ke jinya a ciki, ni ina shiga lokacin dubiya, sauran yinin ina gindin wata darbejiya tare da mazan da abin ya shafa irina. Likitar da ke duba ta mace ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, mai magana a hankali. Ta sa aka ɗebi ruwa a gadon bayan mara lafiyar, abin da mutanen darbejiya suka rantse mini yana gurgunta mutum, bai kuwa gurgunta ta ba. Aka zura mata siririn tiyo ta hanci har ciki, ta nan ake ba ta madara da ruwa. Sannan aka yi mata hoton kai.

Hoton farko ya fito tas. Ba jini, ba ƙari, ba komai. Na yi hamdala. Amma likitar ba ta saki fuska ba. Ta ce, "Baba, ruwan bayan ya nuna akwai cuta a ƙwaƙwalwa. Wannan na'urar ba kullum take ganin irin abin da nake zargi ba, musamman da wuri. Akwai wata da ta fi ta ido. Tamu ba ta aiki, sai ku je waje a yi."

Muka je ranar Juma'a da safe. Na'urar kamar bakin rijiya da aka kwantar, suka tura ta ciki a kan gado, abin ya dinga buge-buge kamar maƙera. Da aka gama sai wani ma'aikaci ya miƙo mini babban ambulan, ya ce hotunan ke nan, amma bayanin da masanin hoto zai rubuta sai gobe da yamma a dawo a karɓa. Muka koma asibiti. Aka ce likitarmu sai Litinin, wasu ne ke riƙe da ɗakin.

Ranar nan kuma, ikon Allah, zazzaɓin ya sauka. Ta buɗe ido. Da na ce mata sannu sai ta bi ni da kallo har na zauna. Kwana tara ke nan rabona da keke, kwana tara ina cin abincin da ban san hannun da ya dafa ba. Ga ambulan a hammata yana mini ƙaiƙayi.

Bayan an sauko daga masallaci na zauna gindin darbejiya na zaro hoton. Baƙar leda ce mai kauri, na ɗaga ta saitin rana. Ƙananan hotuna ne jere reras, layi-layi, kamar an yanka kabewa fai-fai an shanya. Kan matata ke nan, wanda shekara arba'in ina son in san abin da ke cikinsa.

To a nan ne ilimina ya motsa. Mu teloli muna da ƙa'ida, ba a littafi take ba amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. In aka kawo maka riga ka ga abu a gefe ɗaya, ɗaya gefen babu, to ɓarna ce, ko tabon manja, ko cin gara, ko ƙuna. In kuwa ka gan shi dama da hagu daidai wa daida, to aiki ne, da gangan mai ɗinkin ya sa. Tabo ba ya zuwa da ɗan'uwansa. Haka ma halittar Ubangiji, ido biyu, kunne biyu, ƙofar hanci biyu. Na ce ashe aikin likitocin nan ba wuya, neman inda dama ta saɓa wa hagu ne kawai.

Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. A layi na uku, can tsakiyar kai, na ga wasu farare guda biyu, ɗaya nan ɗaya nan, kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Na ce shi ke nan, ga ciwon. Sai na tuna ƙa'ida. Na laluba aljihu na ciro tef ɗina, wanda ko Makka za ni da shi zan tafi, na ce wa wani bawan Allah ya riƙe mini hoton. Na auna na dama daga layin tsakiya. Na auna na hagu. Ko zare ɗaya ba su bambanta ba. Na sake aunawa a hoto na gaba, haka. Wallahi har wani daɗi na ji, irin wanda nake ji idan wuyan riga ya zauna.

Mutanen darbejiya suka kewaye ni. Wani ya ce, "Baba, ashe kai ma ma'aikaci ne?" Na ce, "A'a, ɗan abin da ba a rasa ba dai."

Na shiga ɗakin da yamma na ce wa ƙanwar ta haɗa kaya.

Ta ce, "Kayan wa?"

"Namu. Hoto biyu ke nan ana yi, duka lafiya lau. Zazzaɓi ya sauka. Zaman me muke yi?"

"Wa ya ce lafiya lau?"

"Na duba."

Ta ajiye kofin da ke hannunta. "Ka duba. Yaya, wannan fa ba wando ba ne."

"Ke dai da man gyaɗa kika sani. Kin taɓa shiga aji?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa na san ban sani ba. An ce takarda gobe. Goben ce ta yi maka nisa, ko bazawara ka bari a Rano?"

Na ce takardar me, ai abin da ido ya gani shi za su rubuta da dogon Turanci. Na ce kuma tiyon nan na hanci shi ke ƙara kashe mata jiki, ina aka taɓa jin mutum ya warke ba tuwo ba koko? Ta ce ita ba da ita ba. Na ce ai ba shawara na kawo ba, matata ce. Da na faɗi haka, da yake ta san iyakar wasa, sai ta juya ta fara naɗe tabarma tana share ido da gefen mayafi.

Babbar nas ɗin ɗakin ta yi iya yinta. Ta kira wani likita, ya ce in bari Litinin ta yi. Na nuna masa hoton, yana sauri ana kiransa wani ɗaki, ya ce shi ba zai ce komai ba sai ya ga bayanin masanin hoto, kuma bai yarda a fita da ita ba. Na ɗauki wannan a matsayin bai ga komai ba. Suka kawo takardar da mai fitar da mara lafiya da ƙarfin kansa yake sa wa hannu. Nas ɗin ta ce, "Baba, ka ji ni da kyau. Maƙogwaronta bai dawo daidai ba. In ka ba ta abu ta baki zai iya bin hanyar numfashi." Na ce na ji. Na karɓi biro na sa hannu da Turanci, har da 'yar wutsiyar nan da nake ja a ƙarshe. Ina jin ban taɓa sa hannu mai kyan na ranar ba.

Asabar da hantsi muna Rano.

Gida ya cika da 'yan dubiya. Mata na shiga ciki, maza na tsayawa a zaure, ni kuwa na kafa makaranta. Duk wanda ya zo sai na fito da hoton na ɗaga shi a bakin ƙofa. "Kun ga nan? Kun ga ɗan'uwansa? To wannan ƙirar Ubangiji ce, kowa da irinta a kansa, har kai Alhaji, in dai akwai wani abu a naka." A yi dariya. Wani ya ce Allah ya ƙara basira, Dakta. Na ce amin.

Da hannuna na ba ta kunun tsamiya. Na tallafo kanta na sa mata cokali. Ta riƙe shi a baki, ta daɗe, sannan ya wuce, sai tari. Ƙanwar ta ce in dakata. Na ce tari ai alamar ƙarfi ce, gawa ba ta tari. Na ƙara mata. Na ba ta da yamma, na ba ta washegari, kowane cokali da tarinsa, ina ƙirgawa ina jin kamar gini nake ɗorawa. Tana kallona duk lokacin. Na sha tambayar kaina daga baya ko ta san abin da ke faruwa ta kasa faɗa ne. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba.

Ranar Talata da safe jikinta ya yi zafin da ya fi na farko. Ƙirjinta na ƙara kamar ana tafasa ruwa a tukunya mai murfi. Leɓɓanta suka canza launi. Hannayenta duka biyu suna rawa, haƙora sun datse. Ƙanwar ta yafa mayafi. Ta fita da kanta, ta samo wani direba ɗan ƙauyen Lausu da ke lodin Kano, ta sa ya sauke fasinjansa. Ni dai na ga ana fitar da matata, na bi su da ambulan a hammata, ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce in zauna.

A asibitin Kano aka sa mata abin numfashi, aka mayar da tiyo, aka ɗaura ruwa da allurai. Ƙanwar ta hau a-daidaita ta je ta karɓo takardar bayanin da ta kwana uku tana jiranmu. Da azahar likitar ta aiko a kira ni.

Na shiga ina jiran faɗa. Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Ta ba ni kujera, ta karɓi hoton ta maƙala shi a jikin wani allo mai fitila. Ta sa bayan biro daidai kan fukafukan nan nawa.

"Baba, an ce ka ga waɗannan."

Na ce na gani, har na auna. Na yi mata bayanin ƙa'ida, tabo da aiki, dama da hagu. Ina yi muryata na raguwa, amma na kai ƙarshe.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba ka yi ƙarya duka ba. Shanyewar ɓarin jiki sau da yawa gefe ɗaya take kamawa, ƙari ma haka. Mu ma muna gwada dama da hagu. Amma wajen nan a kan mai lafiya ba fari yake fitowa ba, toka-toka ne kamar maƙwabtansa. Farin nan kumburi ne." Ta ce wasu 'yan curi biyu ne a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, kamar tasha, kusan duk saƙon da jiki ke aika wa kai sai ya bi ta nan, kuma suna da hannu a farkawar mutum da motsinsa. Ta nuna mini wani ɗan farin a ƙasa, wajen da kai ke haɗuwa da wuya, wanda ni ko ganinsa ban yi ba. Ta ce yankin da ke kula da haɗiya ke nan.

Na ce, "To amma me ya sa suka zo daidai?"

Ta ce, "Daidaiton nan shi ya tayar mana da hankali. Akwai ƙwayoyin cuta da sauro ke ɗaukowa, ba na maleriya ba, waɗansu ne da suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wata a cikinsu, daga jikin tsuntsaye sauro yake kwaso ta. Yawancin waɗanda ya ciza ba sa ma sanin an yi, wasu su yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Jefi-jefi, musamman ga masu shekaru, sai ta bi jini ta hau kai. In ta hau, wajen nan take so, kuma ba ta zaɓar gefe, duka biyun take kamawa. Idan muka ga haka a hoto, ga zazzaɓi, ga ruɗewa, ga abin da ruwan baya ya nuna, ga damina, to ita muke fara zargi. Ba ita kaɗai ke yin haka ba, kuma gwajin da zai faɗi sunanta ba ko'ina ake yinsa ba. Amma hoton nan ba na mai lafiya ba ne."

Na tambaye ta maganinta. Ta ce irin wannan ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye. Aikinsu shi ne tsaron mara lafiya: a hana jijjiga, a kula da numfashi, a ciyar da shi ta hanyar da ba zai shaƙe ba, har jiki ya ci ƙarfinta ko ta ci nasa. Na ce ashe zaman da na raina shi ne maganin. Ta ce shi ne. Sannan ta ce kunun da aka ba ta ya gangara huhu, shi ya kawo wannan zazzaɓi na biyu, kuma yanzu da abu biyu suke faɗa.

"Aka ba ta" ta ce, ba ta ce "ka ba ta" ba. 'Yar mutane mai tarbiyya.

Na ce, "Likita, tsakaninki da Allah. Da mun zauna, da ba haka ba?"

Ta ce, "Na ƙwaƙwalwar ba kai ka sa mata ba, Baba. Ko kuna nan zai iya barin abin da zai bari. Na huhun kuwa…" Sai ta cire hoton daga allon ta mayar mini da shi cikin ambulan.

Rabin farko na maganar nan na ninke na sa a aljihu. Rabin na biyu na bar mata shi a kan tebur.

Mako bakwai muka yi. Sau biyu ana cewa a kira 'ya'ya, suka zo daga inda aure da neman abinci ya kai su, suka tsaya a bakin gado, suka koma. Ba wanda ya ce mini komai a cikinsu. Da ma sun zage ni. A gindin darbejiya mutanen da suka ga awon tef duk an sallame su ko sun tafi da gawa, sababbi suka zo, ba wanda ya san ni. Wani ya miƙo mini kwalin magani wata rana ya ce ko ina karatu. Na ce idona ba ya gani.

Ta rayu. Haka ake cewa, kuma haka ne, alhamdu lillahi. Amma matar da muka dawo da ita Rano ba ita ce ta tafi Nariya ba. Fuskarta ta tsaya cik, ba murmushi ba ɗaure fuska, kamar an shafe ta da guga. Tafiya sai da taku ƙanana, tana jan ƙafa, wani na riƙe da ita. Hannaye na rawa ko tana zaune. Numfashinta bai koma ba, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta huta, wannan kuwa na san laifin wane ne. Magana sai kalma ɗaya, ruwa, zafi, to, ita ma can ƙasa-ƙasa, sai ka kai kunne. Likitar ta ce wasu suna ci gaba da samun sauƙi har shekara ko fiye, wasu kuma inda suka tsaya ke nan. Ba mu san ko tana bin zancen da ake yi a gabanta ba.

Hular da take ɗinki tana nan a cikin kwalla, an yi rabi, allurar na soke inda ta bar ta. Na taɓa ɗaukowa in ga ko zan iya ƙarasawa, na ƙirga zaren na rasa inda zanen ya dosa.

Ƙanwar ta rufe ɗakinta na Nariya ta dawo gidanmu. Ita ke dama mata abinci mai kauri yadda aka koya mata, ta zaunar da ita tsaf, ta ba ta kaɗan-kaɗan. Ni an hana ni cokali. Ta ɗaura gidan sauro a kowane gado, ta sa aka cike kwatamin bayan gida. Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini abinci, amma wasan nan na shekara arba'in ya mutu. A unguwa ma aka daina ce mini Dakta. Ba wanda ya hana, kawai aka daina. Ban san tsokana tana da daɗi ba sai da aka bar yi mini ita.

Da aka yi rasuwa a maƙwabta aka kawo yadi kamar kullum. Na shimfiɗa a tsakar gida, na rasa mai riƙe mini baki, na danne shi da dutse. Tana zaune a tabarma jikin bango tana kallo.

To mai hali ba ya fasa halinsa. Rabin maganar likita da ke aljihuna, kullum sai na fito da shi na shafa. Na ƙwaƙwalwar ba ni na sa mata ba. Tun ina faɗa wa kaina har na fara faɗa wa mutane.

Bayan ƙaramar salla wani tsohon abokina daga Saji ya zo dubiya. Tare muka shiga makaranta, shi ya tsaya a aji uku. Da yake ɗan gida ne har tsakar gida aka shigo da shi. La'asar ce, an fito da ita shan iska, ƙanwar na gefe tana tsince shinkafa. Ya gaishe ta, ta ce, "To." Ya yi addu'a, muka shafa. Sai ya juyo ya ce ya ji labari iri-iri, wai har cewa ake na auna ƙwaƙwalwa da tef.

Da na yi shiru da an wuce wajen. Sai na tashi na shiga ɗaki na ɗauko ambulan.

Ƙanwar ta ce, "Yaya."

Na ce, "Bari, ai gara ya gani da idonsa." Na ɗaga hoton saitin rana. "Malam, duba nan don Allah. Ka manta da abin da ya faru, ka duba kawai. Likitar da kanta ta ce ban yi ƙarya duka ba, su ma dama da hagu suke gwadawa. Ga wannan, ga wannan. Fari tas, tsaf-tsaf, ko zare ɗaya ba su bambanta ba. Tsakaninka da Allah, wane mai ido ne zai ga abu fari haka, daidai wa daida, ya kawo wa ransa mugun abu?"

Abokina ya matso yana ƙifta ido. Sai muka ji wani ɗan sauti daga jikin bango. Ƙanwar ta ajiye faifai. Leɓɓan mai ɗakina ne ke motsi, hannayenta na rawa a cinya, fuskar nan ko gezau, amma idanunta na kaina. Ta daɗe tana tattaro numfashi. Sannan a hankali, kalma bayan kalma, irin yadda take ƙirga zare, ta yi magana mafi tsawo da ta yi tun da ciwon ya kwantar da ita.

"Dakta," ta ce. "Likkafani ma fari ne. Kuma daidai wa daida kake yanka shi."